Bayan Toka Ta Huce

Karatu: 2 Korintiyawa, sura 8 da sura 9

 Allah ya ba mu kunnen ji da zuciyar biyayya.

Kaka ta wuce, iskar hunturu ta taso. Ciyawa ta bushe ƙayau. Dammunan gero da na dawa waɗansu an kai su rumbu, waɗansu suna jibge a gona tukuna suna jiran jaki ko amalanke, harawa kuwa tana bisa itatuwa. A wannan lokaci ne kowace shekara mu kan hangi jan haske da dare ta wajen daji, mu ce wa juna, wuta ce. Wani sa'i yara mafarauta ne suka cinna ta domin su kori zomo da gafiya. Wani sa'i mai neman zuma ne ya yar da bakin wuta, ko manomi yana ƙona sharar gona iska ta ƙwace masa, ko matafiyi ya jefar da guntun taba. Farkonta ƙanƙane ne, amma kafin a ankara ta haye gona goma, ta kai bakin dangar gari. A Aliero da kewayenta, inda albasa ce dukiyar mutane, a kan adana ta cikin rumbunan kara da ciyawa domin a jira ta yi kuɗi, tartsatsi ɗaya kuwa ya isa ya mai da wahalar rani duka toka.

Birane ma ba su tsira ba. Cikin watan Maris na 2016 babbar kasuwar Birnin Kebbi ta ƙone, a cikin wannan wata kuma kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone, shaguna dubbai suka tafi. Cikin Janairu na 2021 wuta ta ci babbar kasuwar Sakkwato, cikin Maris na wannan shekara ta ci ta Katsina. Ku lura da watannin nan, dukansu na rani ne. Gobara baƙuwa ce wadda mun san lokacin zuwanta, gidan da za ta sauka ne kaɗai ba mu sani ba.

Maganarmu ta yau a kan abin da ke biyo bayan wuta ne, kuma za mu fara da laifin kanmu.

Shekarun baya, a wani ƙauye cikin yankin aikinmu, wutar daji ta ci amfanin gonar wani ɗan'uwa magidanci, ta shiga gidansa ta ci rumbu biyu da ɗaki. Ran nan ba wanda ya zauna. Musulmi da Kirista, maza da mata, kowa ya fito da guga ko reshen ganye. Ran Lahadi muka yi baiko dominsa, aka kawo tufafi da tabarmi da kwanukan hatsi, mutane da yawa suka miƙe tsaye suka yi alkawarin ƙarin taimako. Muka koma gida muna jin daɗin kanmu. Kirsimati ta zo ta wuce, rani ya shiga, kowa ya kama sha'anin gabansa.

Sai cikin tsakiyar damina muka kai masa ziyara. Ba mu same shi ba, ya tafi ƙwadago a gonar wani domin ya samo abin da za a ci da dare, tasa gonar kuwa ciyawa ta rufe ta. Irin da ya kamata ya shuka, yunwa ta sa sun cinye rabinsa. Ya jinginar da 'yar fadamarsa. Babban ɗansa ya bar makaranta ya tafi birni neman kuɗi. Matarsa ta shimfiɗa mana tabarma, ɗaya daga cikin waɗanda muka ba su, ta ce, "Baba Fasto, mun gode, kun yi ƙoƙari." Da ta zage mu da ya fi mana sauƙi. Wuta ta ci hatsin mutumin nan cikin sa'a ɗaya, amma gonarsa da karatun ɗansa, mantuwarmu ce ta ci su.

Da muka koma ga Littafi Mai Tsarki, sai muka ga ashe ba mu ne na fari ba. Wajen shekara ta 55 ko 56 bayan haihuwar Ubangiji, Bulus manzo yana tattara gudummawa daga ekklesiyoyin al'ummai domin matalautan masu bi na Urushalima. Mutanen Korinti su ne suka riga kowa nuna marmari, har Bulus ya yi fahariya da su a Makidoniya. Amma shekara ta kewayo aikin bai ƙare ba. Saboda haka a sura 8, aya 10 da 11, ya tuna musu cewa tun bara suka fara, yanzu sai su ƙarasa, domin ƙarshen aikin ya yi daidai da zafin farkonsa. Wannan shi ne saƙonmu gare ku. Fara taimako ba wuya, gama idon da ya ga harshen wuta ya kan motsa hannu. Ƙauna ta gaskiya a kan gane ta bayan toka ta huce, sa'ad da masu jaje suka watse. Bari mu duba abu biyar da za su taimake mu mu ƙarasa.

Na fari, mu kawar da zargi daga bakinmu.

Sau da yawa abin da ke kashe taimako shi ne gunaguni a ɓoye. Wani ya ce, ai ba ya ba da zakka, shi ya sa. Wata ta ce, Allah ne ya kama shi. Da zarar mun yanke wa mutum shari'a, hannunmu ya kan yi sanyi. A cikin Luka sura 13 Ubangiji ya yi zancen mutum 18 waɗanda hasumiyar Siluwam ta faɗa musu, ya kuwa hana masu jinsa su ɗauka cewa waɗannan sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Ayuba ma wuta ta cinye tumakinsa da makiyayansu, abokansa suka zauna suna tonon zunubin da bai yi ba, Allah kuwa ya yi fushi da su. Amma a sura ta ƙarshe, 'yan'uwansa maza da mata da idon saninsa suka zo suka ci abinci tare da shi, kowa ya ba shi kuɗi da zoben zinariya. Waɗannan ne ya kamata mu yi koyi da su.

Ba mu ce babu mai alhaki ba. Shari'ar Musa, a Fitowa 22:6, ta ɗora wa wanda ya kunna wutar da ta ci hatsin maƙwabcinsa biyan diyya. Idan ɗan ekklesiya ne ko yaronsa ya sa wutar, dattawa su kira shi da tawali'u, ya amsa laifinsa, ya biya gwargwadon ƙarfinsa. Amma kada a bar iyali da yunwa ana jiran a gano mai laifi.

Na biyu, mu yi lissafin tsawon yunwar.

Mu kan auna taimakonmu da ranar gobara, alhali kamata ya yi mu auna shi da ranar da sabon gero zai nuna. Idan wuta ta ci rumbu cikin Disamba, ruwa ba zai sauka a ƙasarmu ba sai wajen Mayu ko Yuni, gero kuwa ba zai shiga baki ba sai wajen Satumba. Wata 9 ke nan, kwana 270. A ce gidan mutum goma ne, suna cin tiya 2 kowace rana. Tiya 540 ke nan, wato buhu 13 da rabi idan buhu yana cin tiya 40. Ban da iri, ban da taki, ban da kuɗin makaranta da na magani, ban da ginin ɗaki. Yanzu ku gwada wannan da baikon Lahadi ɗaya.

Kada lissafin nan ya karya mana zuciya, gama Bulus ya nuna mana hanya. A 1 Korintiyawa 16:2 ya umurta kowa ya riƙa keɓe wani abu kowace ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, domin kada a tsaya yin tari sa'ad da ya iso. Gidan nan na mutum goma yana bukatar tiya 14 a mako. Idan gida 14 cikin ekklesiya kowanne ya kawo tiya 1 kowace Lahadi, an riƙe iyalin nan har kaka, ba kuwa gidan da zai kwana da yunwa saboda tiya 1. Abin da ya gagari karimcin rana ɗaya, naciya ta mako mako ta kan yi shi. Muna roƙon Zumuntar Mata, waɗanda suka fi kowa sanin abin da tukunya ke ci, su riƙe wannan aiki. A ware irin shuka dabam, a ajiye shi a hannun ma'aji, kada a ba da shi sai ruwa ya sauka. Ranar shuka da ranar noman fari, samari su yi wa ɗan'uwan gayya, domin kada ya bar gonarsa ya tafi ta wani.

Na uku, kada mu naɗe hannu muna jiran na nesa.

Akwai hukumomi da ƙungiyoyi waɗanda aikinsu ke nan, muna kuwa gode wa Allah dominsu. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, a 1999, Jihar Kebbi ma tana da tata hukumar. Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya tana aiki bisa doka tun 1960. Bayan gobarar kasuwannin Kano an buɗe asusun neman taimako, Alhaji Aliko Ɗangote ya ba da Naira miliyan 500. Waɗannan suna iya kawo abin da ya fi ƙarfinmu, kamar kwanon rufi da siminti da buhunan abinci masu yawa. Wajibi ne mu taimake su su taimake mu. Kashegarin gobara magatakardan ekklesiya ya zauna da mai gari, a rubuta sunan kowane gida, da yawan mutanensa, da abin da ya ƙone, a ɗauki hoto, a kai wa hakimi da ƙaramar hukuma. Kada a ƙara ko dami ɗaya a kan gaskiya, gama ƙarya domin samun agaji sata ce.

Amma mu sani, babbar kasuwa in ta ƙone duniya ta kan ji, rumbun talaka a ƙauyen Maiyama in ya ƙone sai maƙwabtansa. Na nesa, komi kyaun nufinsu, suna da wurare da yawa da za su duba, kuma su kan zo sau ɗaya su koma. Mu ne za mu ga matar nan a bakin rijiya kowace safiya. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Wani zai ce, mu kanmu matalauta ne. Gaskiya ne. Amma su wa Bulus ya kafa wa Korintiyawa misali da su? Ekklesiyoyin Makidoniya ne, waɗanda su ke cikin tsanani da baƙin talauci, duk da haka suka roƙe shi da naciya a bar su su sa hannu, suka ba da fiye da ƙarfinsu. Bulus ya bayyana kuma cewa Allah yana karɓar baiko bisa ga abin da mutum ya ke da shi, ba ya tambayarsa abin da ba shi da shi. Wanda ba shi da hatsi yana da kara, ko igiya, ko ƙarfin kwaɓa ƙasa. Tsohuwa tana iya riƙe yara ranar gini. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bulus bai ce a sauƙaƙa wa waɗansu a nawaita wa waɗansu ba, daidaita ya ke nema: yalwarka ta bana ta rufe rashin ɗan'uwanka, domin wata shekara tasa yalwar ta rufe naka rashin.

Na huɗu, mu riƙe amana a fili.

Ba abin da ke busar da rijiyar bayarwa kamar zato. Da mutane sun fara tambaya, ina kuɗin nan suka shiga, an gama. Bulus manzo ne, duk da haka bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ya aiki Titus tare da waɗansu 'yan'uwa biyu, ɗayansu ekklesiyoyi ne da kansu suka zaɓe shi, ya ce yana yin haka domin kada kowa ya sami abin zargi, gama yana so al'amarin ya zama daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane kuma. Idan Bulus ya bukaci shaidu, balle mu? Kada fasto ya ajiye kuɗin agaji a aljihunsa, ko hatsin agaji a rumbunsa. A zaɓi mutum uku ko biyar, da mace a cikinsu. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta a gaban jama'a kowane wata.

Tun da fari kuma a faɗi a sarari abin da a ke tara kuɗin dominsa. A ƙasar Ostireliya, sa'ad da wutar daji ta yi ɓarna mai yawa a ƙarshen 2019 da farkon 2020, wata mata ta yi roƙo ta Facebook, mutane suka ba da fiye da dalar ƙasar miliyan 50. Da yawa cikinsu sun zaci kuɗin zai kai ga dukan waɗanda wutar ta shafa. Amma an tara shi da sunan asusun masu kashe gobara na jiha ɗaya, cikin Mayu na 2020 kuwa kotu ta yanke cewa ba za a miƙa shi ga waɗansu ƙungiyoyin agaji ba. Ba wanda ya yi sata, amma zukata sun ɓaci. Namu kaɗan ne, darasin kuwa ɗaya ne: abin da aka tara domin gobara kada a juya shi ga rufin masujada, ko da rufin yana yoyo.

Na biyar, kada mu zaɓi fuska wajen rabo.

A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni na fari da ya tashi cikin ekklesiya a kan rabon abinci ne, domin ana manta da gwaurayen wani sashi. Manzanni ba su rufe maganar ba, suka sa aka zaɓi mutum 7 su lura da aikin. Haka ya ke har yau. Mai baki da mai dangi su kan samu, gwauruwa da baƙo da mai kunya su kan koma hannu wofi. Masu rabo su bi gida gida, su fara da wanda ba shi da mai yi masa magana.

Mu a wannan ƙasa kaɗan ne a tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi. Ranar gobara ba su tambayi ko gidan wa ke ci ba kafin su kawo ruwa. In wuta ta ci na maƙwabcinmu Musulmi, ko ta ci makiyaya ta bar Bafillace da shanunsa ba ciyawa, me za mu yi? Galatiyawa 6:10 ta sa mu yi wa dukan mutane alheri, tana ba 'yan'uwa cikin bangaskiya fifiko, amma ba ta rufe ƙofa ga kowa ba. Mu kai namu kwanon, kada kuwa mu ɗaura masa sharaɗi. Hatsin da aka bayar domin a sayi mutum ciniki ne, Ubangiji kuwa bai aike mu ciniki ba. Mu bayar domin yana jin yunwa, mu bar shaidar ta yi magana da kanta.

Kafin mu rufe, ga gargaɗi ɗaya. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Jamhuriyar Nijar a kan share dogayen hanyoyi cikin makiyaya bayan damina domin wuta in ta zo ta rasa abin ci ta tsaya. Mu ma mu share kewayen rumbuna da dammuna da bayan danga, kada mu jera rumbuna manne da juna, mu kwashe amfani daga gona da wuri, mu kwaɓi 'ya'yanmu a kan farauta da wuta. Ranar baikon godiya na kaka kuma, kowace ekklesiya ta ware kashi ɗaya ta zuba a rumbun agaji tun ba a san wanda zai ci ba. Wataƙila kai mai zubawa ne.

'Yan'uwa, ina za mu sami ƙarfin wannan naciya? Tausayi na jiki ya kan ƙare da sauri kamar wutar kara. Shi ya sa a tsakiyar zancen kuɗi Bulus ya ɗaga idon Korintiyawa zuwa ga Kristi, a sura 8 aya 9. Shi mai dukan wadata ya ɗauki talauci saboda mu, domin mu arzuta ta wurin rashinsa. Bai leƙo duniya ya yi mana jaje ya koma ba. Ya zauna tare da mu, ya ɗauki kayanmu, bai sauke ba sai da ya ƙarasa aikin a kan gicciye. Wanda ya san an yi masa haka ba zai iya yi wa ɗan'uwansa taimakon rana ɗaya ya juya baya ba.

Akwai ta'aziyya a ƙarshen labarin. Da Bulus ya rubuta wa Romawa daga baya, a sura 15, ya ce yana kan hanyar Urushalima da gudummawar Makidoniya da ta Akaya, Korinti kuwa ita ce babban birnin Akaya. Ashe sun ji gargaɗi, sun ƙarasa. Mu ma, da muka ga abin da sakacinmu ya jawo, ekklesiyar ƙauyen nan ta tashi, aka yi wa ɗan'uwan gayya, aka yi ta tari kaɗan kaɗan har aka fanshi fadamarsa. Yaron dai bai koma makaranta ba. Wannan hasara tana wuyanmu, muna kuwa faɗinta domin kada ta auku a wurinku.

Kai mai karatu, akwai alkawarin da ka yi a gaban jama'a wanda ba ka cika ba tukuna? Akwai gidan da wuta ta ci bara ko bana wanda ba ka sake takawa ba? Alkawari kaya ne. Kada ka jira wata Lahadi. Ka tafi cikin makon nan, ka zauna, ka tambayi abin da ya rage a rumbu, sa'an nan ka kawo maganar gaban dattawa.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, kai ne mai ba da ruwa da iri da kaka. Ka gafarta mana alkawaran da muka manta. Ka ta'azantar da waɗanda wuta ta cinye wahalarsu, ka tsare garuruwanmu da gonakinmu cikin wannan rani. Ka ba mu zuciya mai naciya da hannu mai gaskiya, domin aikin da muka fara da sunanka mu ƙarasa shi. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.